Makullai Huɗu a Gwangwanin Madara

Jiya ina neman basillar ɗinke buhu
na ci karo da gwangwanin madara a bayan akwati.
Na girgiza shi, ya amsa.
Makullai huɗu,
ga zaure fayau, babu babur ko ɗaya.

Wannan da ya cinye don tsufa, na Benli ne.
Baƙi wuluk, bashin ma'aikatar gona,
wata talatin da shida ana yanka a albashi,
ban taɓa jin zafin wuƙar ba.
Ranar da na shigo da shi Kumo
yara suka raka ni har ƙofar gida,
Goggo Dudu ta tofa masa addu'a a tanki,
ta ce kada in kuskura in wuce gudun jaki.
Benli ba shi da hayaniya.
Yana tafe yana magana ƙasa-ƙasa
kamar dattijon da bai idar da lazimi ba.
Da shi na zaga gonakin auduga,
Pindiga, Tumu, Kashere,
tankin feshi a baya, littafin awo a aljihu.
Shekarar da gero ya ƙi, na mai da shi buhuna.
Mai saye ya nemi makulli na biyu,
na ce masa ya ɓace.
Allah ya yafe mini wannan.

Suzuki kuwa, ja, ɗan rigima!
Tun daga tasha Hansatu ke jin zuwana ta sauke tuwo.
Ga shan baƙin mai, ga hayaƙi,
in ya yi fushi da asuba sai an tara masu turi.
Lamela bakanike ba ya ko ɗaga kai,
daga jin tarinsa zai ce: fulogi ne, Malam.
Har yau ga tambarin salansarsa a ƙaurina,
daga yashin hanyar Dadin Kowa.
Amma daren da naƙuda ta zo wa Hansatu,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
fitila ta mutu, na ciji tocila da haƙori,
bugu ɗaya ya tashi.
Bugu ɗaya.
Tun daga ranar ban sake zaginsa ba.

Na uku ba mu daɗe ba.
Jincen, da kuɗin sallama na saye shi,
leda ma ban gama ɓare masa ba.
Na jingine shi a inuwar maina ranar kasuwa,
na shiga cinikin igiya ta naira hamsin.
Na fito da igiya a hannun hagu,
makulli a hannun dama,
a ƙasa ɗigon mai uku da sawun taya.
Na tsaya ina kallonsu
har mai rake ya matso mini da benci.

Na huɗu Boksa ne, yana nan da ransa.
Gwiwata ce ta ƙi.
Na ɗora ƙafa in buga, ta ce mini a'a,
gardamar da ko Suzuki bai taɓa yi mini ba.
Bappayo ke hawansa yanzu,
yaron da aka haifa a daren tocila.
Ran Juma'a yakan zo ya ɗauke ni,
ya ce, Baba, riƙe ni da kyau.
Ni da na goya buhun taki uku na haye kwari,
yau ni ne kayan.

Manu, abokin aikina, da maraice kan taso da zancen.
Shi Yamaha ya sani, ya rantse babu kamarsa.
Nakan bar shi ya yi ta yi.
Me zan gaya wa wanda babur bai taɓa kayar da shi ba?

Jikata Talatuwa ta zube makullan a tabarma,
ta jera su, ta ce, wanne ya fi gudu?
Na ce, duk sun fi ni.
Ta zaɓi na Benli, ta zura masa zare,
ta rataya a wuya ta fita tana ƙugin inji da baki.

Basillar dai ban gan ta ba.